Kwana Ukun Abba Gana a Bagadaza

Babakura mai wankin hula ya shekara goma a unguwar Bagadaza, cikin garin Gombe. Rumfarsa tana gindin dogon yaro, daura da masallacin layinmu. Shagona na gyaran waya yana kallonta, kwata ce kawai a tsakaninmu. Idan an ɗauke wuta babu aiki, sai in tsallaka in zauna a bencinsa. Ba mai yawan magana ba ne, amma idan hannunsa yana kan aiki bakinsa yakan buɗe. Yawancin abin da zan faɗa a kan wannan bencin na ji shi. Sauran kuma daga bakin Baffa Bubayero, yayan mahaifina, wanda shi ne mai gidan da Babakura yake haya.

An haifi Babakura a wani ƙaramin gari bayan Bama. Yanzu ya doshi sittin, dogo ne, baƙi, da tsagen Barebari a fuska. Wurin kawunsa ya koyi sana'a tun yana ɗan shekara goma sha biyu: a jiƙa hula, a goge ta da buroshi da sabulu, a sa mata sitati, a ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa daidai kan mutum, a shanya, sannan a bi ta da dutsen guga na gawayi. A garinsu inuwa ɗaya suke zama da abokinsa Abba Gana, wanda yake ɗinkin hula. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, shekara ɗaya suka yi aure.

"Shi ya ɗinka, ni in wanke," in ji Babakura. "Hula ba ta fita garinmu sai ta bi ta hannunmu mu biyu."

Shekarar da aka shiga garinsu, da ƙafa suka fito. Bai taɓa ba ni labarin hanyar ba, ni ma ban tambaya ba. A Maiduguri suka rabu. Matarsa Fatime tana da wata 'yar uwa a Manawashi, don haka suka hau babbar mota zuwa Gombe da 'ya'yansu mata biyu. Abba Gana ya tsaya a sansanin 'yan gudun hijira da matarsa Fanta, yana jiran labarin babban ɗansa da bai fito ba. Labarin bai zo ba har yau.

Wata bakwai Babakura ya yi a ɗakin ajiyar kayan 'yar uwar matarsa kafin ya samu ɗaki a gidan hayar Baffa, mai ɗaki shida, wanda katanga ɗaya ta raba shi da gidan da Baffa yake zaune. Daga nan ya sa kansa cikin unguwa da dukkan ƙarfinsa. Babu jana'izar da ba a gan shi da ƙasa a hannu ba. Idan damina ta fara cin bakin kwarin bayan layi, shi ne farkon fitowa da buhun yashi. Ya gyara Hausarsa, ya koyi gaisuwar Fulatanci. 'Ya'yansa duk a nan ya aurar da su, ɗaya tana unguwar Malam Inna.

Akwai kuma wata al'ada da ya taho da ita daga gida. A garinsu, baƙo ba ya fita gaida kowa sai ya kwana uku. Shimfiɗa ake yi masa, a kunna turare, gari ya zo ya same shi, manya su fara. Kowane gida ya aiko da kwano. Baƙon da aka ɗauka ana bin ƙofofi da shi, to ko roƙo ya kawo shi ko wata matsala. Saboda haka duk lokacin da Babakura ya ga baƙuwar mota a ƙofar wani, ko ya ji an ce ɗan uwan wane ya zo daga Dukku ko Bajoga, sai ya wanke hannu, ya sa riga, ya ɗauki dabino ko ɗan ƙullin turaren wutar da Fatime take haɗawa, ya je ya yi sallama. Ba ya jiran a kira shi. Ya zauna kaɗan, ya tambayi hanya da mutanen gida, ya tashi. Shekara goma yana wannan.

Tsakaninsa da Baffa kuwa sai wasan Fulani da Barebari. Baffa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, siriri, ba ya dariya da kowa, amma da ya iso rumfar nan sai ya zama wani mutum. Babakura ya ɗauki wannan wasan a matsayin shaidar cewa ya zama ɗan gida.

Ana saura kwana goma Babbar Sallah Abba Gana ya kira shi. Tun da aka rufe sansani suke zaune a wani kango a gefen Maiduguri, yanzu mai kangon ya ce zai ci gaba da gininsa. Hanya biyu ta rage musu. Ko su koma garinsu, inda aka mayar da wasu mutane aka kewaye su da rami, ba a noma nesa da ramin, ko su nemi wani wuri. A daidai lokacin kuma wani malamin makaranta ya tashi daga ɗakin da ke jikin na Babakura.

Washegari Baffa ya zo karɓar hulunansa na Sallah. Ina zaune a bencin.

"Babarbare, ina hulunan ubangidanka?"

"Ga su nan. Kan ne dai kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Nonon ne ba ya isa?"

"Kai dai wanke. Yaushe bawa ya fara tambaya?"

Babakura ya naɗe hulunan a takarda, amma bai miƙa ba. Ya ce yana da magana a kan ɗakin malamin nan. Ya faɗi sunan Abba Gana, ya faɗi sana'arsa, ya ce su biyu ne kawai da matarsa, ƙananan 'ya'yan duk sun kama gabansu.

"Wani bawan za ka ƙaro min? Ɗayan ma da ƙyar nake iyawa da shi."

"Wannan ya fi ƙarfinka. Kakansa ne ya koya wa kakanka sa wando."

Baffa ya yi dariya har da tari. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Ka san halina. Ba na ba mutum ɗaki sai na zauna da shi na ji bakinsa. Akwai masu nema. Amma zan riƙe maka har Juma'ar bayan Sallah."

"Za ka zauna da shi," in ji Babakura.

Ranar Sallah na tafi Kumo wurin dangin mahaifiyata, na yi mako guda. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba.

Ranar Laraba baƙin za su iso. Tun Talata Babakura ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Fatime ta wanke ɗaki da baranda. Ya sayo sabuwar tabarma babba, wadda za ta ɗauki mutum goma, da ƙananan kofunan shayi. Naman layyar da aka aiko musu ba su taɓa shi ba, Fatime ta soya ta rufe. Bai lura ba cewa rumfar nan ce kaɗai wurin da shi da Baffa suke haɗuwa su yi magana ta sake, kuma ya rufe ta.

Sun iso bayan La'asar. Abba Gana gajere ne, ya rame, gilashin idonsa an ɗaure hannunsa ɗaya da zaren ɗinki. Ya riƙo jakar leda da bandar kifi a ciki. Da Barbarci suke magana, Babakura ne ya mayar mini da ita Hausa.

"Kai ne wannan? Har da tumbi? Ashe Fulani suna ciyar da mutum," in ji Abba Gana.

"Zauna, ka ga yadda ake karɓar baƙo a birni."

Matan sun rungume juna sun yi kuka a ɗaki. Da suka fito, Fanta ta leƙa ɗakin da ke rufe ta taga, ta ce gado zai shiga ta nan, buhun hatsi ta can, kuma ƙofar ba ta kallon rana. Fatime ta ce a bari dai a ga mabuɗi tukuna.

Da Magariba suka je masallaci. Bayan an sallame aka yi musabaha.

"Wannan ne?" in ji Baffa.

"Shi ne. Yana wurina."

"Sannu da hanya, Malam. Ya mutanen Borno?"

Abba Gana ya fara amsawa, sai Babakura ya ja hannun rigarsa. Sauri yake yi su koma gida, don kada manya su iso su tarar baƙo bai zauna ba. Ya zaunar da shi a tsakiyar tabarma, ya sa masa matashi, ya hura gawayi, ya ɗora buta. Fatime ta kunna kaskon turare. Suka ji ƙafafun mutane suna wucewa ta ƙofar gida, babu wanda ya shigo. Da aka kira Isha, Babakura ya ce gajiyar Sallah ce, gobe za su zo.

A bayan katangar nan kuwa, kamar yadda Baffa ya gaya mini daga baya, shi ma ya sa an ƙara tabarma a ƙofar zaurensa inda dattawan layin suke zama, ya aika cikin gida a ƙara damun fura. A wurinsu mai baƙo ne yake kawo baƙonsa. Shiga wa mutum gida ba a kira ka ba rashin kunya ne, balle gidan haya da matan mutane suke tsakar gida. Suka jira har furar ta tsinke.

Ranar Alhamis tun da hantsi abokan biyu suke kan tabarma. Suka bi gidajen garinsu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin kasuwa har masallacin Juma'a, wa ya rasu, wa yake Kamaru, wa ba a sani ba. Abba Gana ya ba da labarin sansani yana dariya. Yadda ake tashi tun asuba a kama layi, yadda ake kiran mutum da lambar katinsa, yadda wata yarinya sa'ar jikarsa ta taɓa ce masa ya koma baya bai tsaya daidai ba. Duk sallar da suka je, da an sallame Babakura yake janyo shi gida.

Wajen Azahar wata maƙwabciyarsu ta yi sallama. Millicent ce, 'yar Kaltungo, tana shara a wani asibiti, ɗakinta yana ƙarshen gidan. Ta kawo kunun gyaɗa a kwano mai murfi.

"Mama, na ga kun yi baƙi. Sannunku da zuwa. Baba, ya hanya?"

Abba Gana ya amsa mata da fara'a, ya tambayi garinsu da iyayenta. Kafin ta tashi ta ce wa Fatime, ba da wata manufa ba, ai ƙanen mijinta Elias ma yana son ɗakin nan, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Gombe, gobe mijinta zai kai shi ya gaida Alhaji mai gidan.

Da ta fita, Fatime ta kira mijinta bakin ƙofar ɗaki.

"Malam, ka ji dai. Ka ɗauke shi ku je. Taku nawa ne?"

"Za su zo."

"Nan ba gida ba ne. Ka taɓa ganin sun shigo gidan nan?"

"Ban taɓa yin baƙo ba."

Abba Gana yana jin su. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya ce, "Tashi mu je, Babakura. Ni na saba. Babu ƙofar da ban tsaya ba a Maiduguri. Ɗaya ba za ta ƙara min komai ba."

Babakura ya ce mini wannan maganar ce ta hana shi. Da bai faɗe ta ba, wataƙila da yamma ya kai shi. Ya tuna Abba Gana na da, wanda hakimi da kansa yake aiko masa da zare. Ya ga mutumin ya iya tsayuwa a ƙofa har ba ya jin ciwonta.

"A gidana ba za ka tsaya a ƙofar kowa ba," ya ce masa. "Kwana uku ne kawai. Zauna."

"To, ranka ya daɗe, na zauna."

Ranar Juma'a Babakura ya tabbatar wa kansa cewa ita suke jira, don ziyara ta fi kyau bayan an sauko daga masallaci. Ya sa Fatime da Fanta suka yi burabusko da miyar yakuwa, aka zuba kifin da Abba Gana ya kawo, abincin mutum goma. Ya fito da hularsa mafi kyau, wadda Abba Gana ya ɗinka masa tun a gida, ya sa wa mai ɗinkin. Ta yi masa yawa, ta sauko har kunne. Suka yi dariya.

Suka dawo daga masallaci suka zauna. Babakura ya fita ƙofar gida sau biyu, ya leƙa, ya hango dattawa a ƙofar Baffa, su ma suka hango shi, ya ɗaga hannu suka ɗaga. Ya koma ciki. Kafin La'asar hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi, suka janye tabarma jikin bango. Da ruwan ya ɗauke, Fatime ta raba abincin ga ɗakunan gidan.

Maganar Juma'ar da Baffa ya yanka ba ta fita ransa ba. Amma ya ce a zuciyarsa, mutumin da kuka shekara goma kuna zagin kakannin juna ba zai ƙirga maka yini ɗaya ba.

Asabar da safe, kwana uku sun cika, ya ɗauki Abba Gana suka je. Baffa yana zaure shi kaɗai yana sauraron rediyo. Ya kashe, ya nuna musu tabarma. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo.

"Babakura," in ji Baffa. Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. "Jiya bayan La'asar na ba Elias mabuɗi."

Baffa ya ci gaba:

"Na ce Juma'a, na kuma jira Juma'a. Kwana uku ina shimfiɗa tabarma a nan. Kullum in gan ku a masallaci, kafin in juya ka ja mutuminka kun ɓace. Har an fara cewa ɓoye shi kake yi. Ni na hana wannan maganar. Amma yaron nan an kawo shi, ya zauna, na ji bakinsa."

"Alhaji, kwana uku ni ma ina shimfiɗa tabarma. Baƙo aka yi a layinku."

"To ni zan shiga cikin matan mutane in nemo baƙonka?"

"Ni sau nawa na shigo zauren nan na gaida naka? Ƙanenka na Dukku. Surukanka. Mutanen da suka zo daga Yola. Wa ya kira ni?"

Baffa ya dube shi da mamaki na gaskiya. Ya ɗan yi murmushi, yana neman mayar da maganar wasa.

"Ai mu mun ɗauka huluna kake nema. Duk baƙo da hula yake zuwa."

Baffa ya ce mini tun kafin ya rufe baki ya so ya mayar da maganar. Babakura ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Abba Gana ne ya karɓi maganar. Ya ce ba komai, Allah bai yi rabonsa a ɗakin ba, kuma dama ya ji an ce gidan Bafulatani sauro ma da yunwa yake kwana. Baffa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce a yi haƙuri, masu haya suna tashi, da wani ɗaki ya samu ba zai ba kowa ba. Ya aika aka kawo fura. Suka sha, suka yi godiya.

A hanya Babakura ya fara lissafa wasu gidajen, akwai wani a Manawashi, akwai mijin 'yarsa a Malam Inna da zai iya tambayawa. Ya ce kafin nan su zauna a barandarsa, ko wata nawa ne. Abba Gana ya ce to, to. Da suka isa gida ya ce wa Fanta ta haɗa kaya.

Lahadi da safe suka raka su tasha. Motar Maiduguri saura mutum huɗu ta cika, don haka suka tsaya a inuwar wata rumfa, matan suna gefe.

"Ka ba ni wata ɗaya," in ji Babakura. "Ɗaki ba ya ƙarewa a Gombe."

"Ba ɗakin ba ne."

"To mene ne?"

"Ka ce min ka zauna da gindinka a nan. Duk wayar da muka yi, ka ce kana da jama'a. Na gaya wa Fanta, na ce Babakura ya samu gari." Ya gyara zaren gilashinsa. "Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma kai da ka shekara goma, ka binne musu matattu, ba su san abin da yake kai ka ƙofarsu ba. Ni da ido ya fara tafiya, shekara nawa zan yi?"

"Laifina ne. Da na kai ka tun Laraba."

"Da ka kai ni da an ba ni. Sai mu zama mu biyu muna jira."

"Can ɗin me za ka ci? Ko gona ba a fita."

"Abin da waɗanda suke can suke ci. Aƙalla idan na faɗi an san sunan ubana."

Ɗan kamasho ya fara kiran fasinja. Abba Gana ya cire hular da aka sa masa ranar Juma'a ya miƙa wa mai ita, ya fito da tasa tsohuwa daga aljihu. Ya ce wankin ya yi sitati da yawa, hannun Babakura ya lalace a birni. Fanta ta shiga mota ba ta waiwayo ba, Fatime ta ce kuka take ɓoyewa.

Ran Litinin na dawo daga Kumo na tarar da rumfa a buɗe, huluna jere a rana. Sai da aka yi kusan mako biyu kafin Babakura ya ba ni labarin, kaɗan kaɗan, yana guga. Bai zagi kowa ba. Elias ya tare, yaro ne mai ladabi, yana gaida Babakura yana rusunawa, har ya kawo masa hular da ya saya don zuwa biki. Baffa ya ci gaba da zuwa da wasansa. Babakura yana amsawa, amma a taƙaice, kamar mai biyan gaisuwa.

Ya daina zuwa gaida baƙin mutane. Da ƙanen Baffa ya zo daga Dukku ya kwana biyu, Babakura yana rumfa bai motsa ba. Na tambayi Baffa ko ya lura. Ya yi tunani ya ce, af, haka ne fa, bai zo ba.

Abba Gana ya kira sau ɗaya daga Maiduguri, ya ce gobe za su bi rakiyar sojoji su shiga. Bayan nan wayarsa ba ta sake shiga ba, don garin babu sabis.

Wajen wata biyar bayan haka wani mai haya ya tashi daga ɗakin bakin ƙofa. Baffa bai aiko kowa ba, da kansa ya zo rumfa da mabuɗin a hannu, ya ajiye a kan benci.

"Ga shi. Ba sai na zauna da shi ba, na riga na ji bakinsa. Ka kira shi."

Babakura ya kawo mini wayarsa, muka gwada lambar safe da yamma har kwana uku. Daga baya ya je tasha ya samu wani direba da yake kai kaya Bama, ya ba shi saƙo ya ba wani ɗan garinsu mai shiga da rakiya. Ya share ɗakin, ya toshe ramin ɓera da siminti. Fatime ta ce kada ya wahalar da kansa tukuna, bai saurare ta ba.

Sai da aka yi mako uku amsa ta dawo, ta bakin direban. Abba Gana yana gaisuwa, yana gaida Bafulatanin. Sun samu kwanon rufi sun rufe ɗaki ɗaya a tsohon gidansu. Ido ya ƙi, ya bar ɗinki. Fanta ta ce ta gaji da ɗaura kaya, ba za ta sake ɗaurawa ba, shi ma haka. A ba wani mai nema ɗakin.

Babakura ya sa direban ya maimaita, ya yi masa godiya. Da La'asar ya shiga zauren Baffa ya mayar da mabuɗin.